Babu Komai a Cikin Maratayin Abdulbaƙi

Abdulbaƙi ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa. Mahaifiyata Jannatu da mahaifinsa, marigayi Kawu Modibbo, ciki ɗaya suka fito. Saboda haka duk faɗin Kontagora babu mai lasisin zagin Abdulbaƙi sai ni Mahfuz. Tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi ma yake kirana nasa, har yau ba a raba gardamar ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wasu sun shigo gonata ba sallama. Sun taɓa mutumin nan a inda ko ni ban isa in taɓa shi ba, kuma na rantse sai na faɗa.

Bari in fara gaya muku ko wane ne. Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Magana kuwa sai ka ce da awo ake ba shi. Ya yi aikin malamin dabbobi har kansa ya yi fari, kullum da sassafe yana kwata yana duba hanta da huhu, yana buga hatimi a cinyar saniyar da aka yanka. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Yayansa Muhyiddin shi ya gaji buzu da littattafai, shi ne limamin masallacin unguwa. Abdulbaƙi shiru kawai ya gada.

Da ya yi ritaya mun zaci zai yi abin da kowane mai hankali yake yi, wato ya samu benci a gindin mangwaro ya riƙa gyara gwamnati da baki. Ina! Sai ya kama kallon wasu mutane a waya suna bugun fata da guduma. Ya ce mini shekara da shekaru yana ganin fata tana fita daga kwata, bai taɓa tambayar inda take zuwa ba.

Na ce, "Tukunya take zuwa, bawa. Ganda ake yi da ita."

Ko murmushi bai yi ba. Ya tafi wurin masu walda ya tsinto manyan ƙusoshi, ya zauna da magagari yana goge kawunansu. Wannan ya fitar masa da siffar ganye, wancan ɗigo, wancan rabin wata. Gudumar katako kuwa, taɓaryar matarsa Hadijatu ya yanke. Har yau in ta tuna sai ta yi tsaki. Abin farko da ya haɗa bel ne na wando, ya ba ni kyauta don mugunta. Sau ɗaya na ɗaura shi. Karnukan garin nan kaf suka rako ni daga shagona na kayan babur har ƙofar gida, wani ma daga unguwar da ban sani ba ya zo. Amma a hankali hannunsa ya faɗa. Wannan ban gaya masa ba, don ba aikina ba ne.

To, akwai gafakar Kawu Modibbo, jakar fatar da yake ajiye Alƙur'aninsa rubutun hannu. Al'adar gidan ita ce duk ranar farko ta azumi limamin gidan zai rataya ta a kafaɗa, ya taka daga zaure zuwa masallaci, a buɗe karatu da wannan Alƙur'anin. Bara maratayinta ya tsinke don tsufa. Ku san me Liman Muhyiddin ya yi? Igiyar leda ya samo, shuɗiya, irin ta ɗaure buhun masara, ya ƙulla. Da ita ya ratsa unguwa, mutane suna kallo. Na ga fuskar Abdulbaƙi ran nan, kamar an mare shi.

Bayan salla ya je ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka bar ni in yi mata maratayi."

Liman ya ce, "Yi mana, tunda ba ka da aikin yi."

Daga nan muka rasa Abdulbaƙi. Ya hau mota har Beri wurin wani majemi da yake jima da bagaruwa, don ya ce fatar da aka jeme da maganin zamani ba ta riƙe zane. Ya dawo da kirgi ya yanko dogayen ɓari biyu, ɗaya fuska, ɗaya shafi na ciki. Zanen kuma ba daga waya ya ɗauko ba. Alƙur'anin Kawu ya buɗe, ya kwaikwayi zayyanar da tsohon ya yi da hannunsa a gefen shafi, wani ganye mai lanƙwasa da yake bin ɗan'uwansa. Ni kaɗai ya nuna wa, shi ma don na matsa masa ne.

Yanzu ku saurari yadda yake aikin, don a nan masifar ta samo asali. Kafin ya taɓa fatar sai ya wanke hannu tas har gwiwar hannu, saboda ɗigon maiƙo in ya taɓa ta ya zauna ke nan. Sai ya zauna a zaure yana fuskantar gabas, don ta nan ƙofa take, ta nan haske yake shigowa. Ya shafa wa fatar ruwa da soso, ya jira har ta fara komawa launinta, ya ɗora ta a kumatu ya ji ko da sauran sanyi. Sannan ya kafa ƙusa ya buga. Yana bugu yana ƙirge a ransa don kada wani ganye ya fi wani zurfi, leɓɓansa suna motsi. In ya gama ganye ɗaya sai ya sunkuya ya hure ƙurar. In ka yi masa sallama a wannan lokaci ba zai amsa ba sai ya kai ƙarshe.

Daidai ƙofar zauren nan Murja mai waina take kafa tandarta. Mace ce da idonta yake ganin abin da yake bayan katanga. Ta ga ɗan Modibbo ya yi abu kamar alwala, ya fuskanci alƙibla, yana motsa baki, yana tofi a kan fata, ba ya amsa sallama. Ba ta ce komai ba tukuna. Ta ajiye abin a bakinta kamar goro.

Shi kuwa bawan Allah ya rina fuskar da karan dafi ta yi ja mai duhu, ya manna ɓarin biyu da gam, ya huhhuda da basilla, ya ɗinke da allura biyu da zare mai kaki. Sai gefe. Jama'a, gefen nan shi ne ransa. Ya goge da samfefa, ya shafa ruwa, ya shafa kakin zuma, ya murza da guntun katako har fata biyu suka zama ɗaya, ba ka ganin inda suka haɗu. Makonni ya yi a kan gefen nan kawai. Yana sheƙi har na ga haƙorana a ciki, kuma na ga ɗaya ya fara ruɓewa. Ya shafe shi da man kaɗanya kaɗan kaɗan. Da ya gama sai ya ce sabuwar fata tana da tauri, za ta ci wa Yaya kafaɗa. Don haka ya rataya abin a jikinsa a ƙarƙashin riga, daga kafaɗa zuwa kwiɓi, yana yawo da shi don ya yi laushi kafin azumi. Ku riƙe wannan. Don kafaɗar yayansa ya yi.

Ranar kasuwa wani tsohon abokinsa ya roƙe shi ya raka shi kara, inda ake cinikin shanu, ya duba masa bijimin da zai saya. Suna cikin dubawa bijimin ya fizge igiya ya yi kansa. Ƙahon ya shiga rigar daidai ƙirji, ya samu fata mai santsin kaki da mai, ya zame ya bi ta har kafaɗa, ya yage rigar gida biyu. Abdulbaƙi ya faɗi, ya tashi, ko ƙwarzane babu. Ga jan maratayi a ƙirjinsa kowa yana gani. Da wani ne, haƙarƙarinsa zai fara dubawa. Shi abin ya ciro yana dubawa a rana, ya ce da muryar kuka, "Ya karce mini ganye."

Wani mahauci ya ɗaga murya, "Guru ne!"

Shi ke nan. Kafin la'asar ƙahon bijimin ya karye. Kafin magariba bijimin ya faɗi matacce. Da labarin ya isa Sahon Rami garke guda ne ya bi ta kansa ya tashi yana kaɗe riga. Murja kuwa ta samu ranar tofar da goronta. Duk wanda ya zo sayen waina sai ya tafi da gyara: ita da idonta ta ga ana tofe abin ganye bayan ganye, kuma layar Modibbo ce aka ɗinke a ciki.

Sai baƙi. Direbobi, 'yan banga, wani ɗan dambe, har da wata tsohuwa da take son a yi wa jikanta mai tafiya aikin soja. Wanda ya fi naci shi ne wani maharbi daga Tungan Magajiya, sunansa Haggai, da ya zo da akuya ya ɗaure a ƙofar gida. Ina zaune aka yi.

Abdulbaƙi ya ce, "Malam Haggai, wallahi babu komai a ciki. Fata ce da fata."

Haggai ya gyaɗa kai yana murmushi. "Haka masu abin gaske suke cewa, Baba."

"Duba nan. Ka ga ganyen nan? Ka ga yadda ya lanƙwasa ya kama na gabansa?"

"Baba, ni ba kwalliya na zo nema ba."

Kun ji fa. Mutum ya tanƙware bayansa wata da watanni, idonsa ya kusa tsiyayewa, ga abu a gabanku da in kun kai shi Abuja sai an sa shi a gilashi, amma duk wanda ya karɓa sai ya matsa shi da yatsa yana laluben ƙulli. Wani har kunne ya kara. Me kake son ji, rediyo?

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai daga cikin gida ya fito. Wani mai gajeren wando ya tashi bayan sallar azahar ya ce gidan Modibbo ya koma sayar da guru, shi ba zai ƙara bin liman ba sai an bayyana. Maimakon Muhyiddin ya ce masa ya zauna, sai ya aika a kira ƙanensa. Aka taru a zaure bayan la'asar, dattawan unguwa, da mai gajeren wandon, da Haggai da ya ƙi tafiya, da Murja a bakin ƙofa ta bar waina tana ƙonewa. Saura kwanaki kaɗan a ga wata. Liman ya shimfiɗa maratayin a kan tabarma, ya zaro sabuwar reza daga aljihu.

Abdulbaƙi ya ce, "Yaya, na taɓa yi maka ƙarya?"

"Ba ka taɓa ba."

"To babu komai a ciki."

"Ni na yarda. Jama'a fa? Ni zan rataya abin nan in shiga masallaci. Za a yanka shi nan, da nan, da nan, kowa ya gani. In babu komai sai ka yi wani. Ba fata ba ce?"

Ba fata ba ce! Kamar ya ce ba ruwan randa ba ne. Mutumin da ya ɗaure Alƙur'anin ubansa da igiyar buhu shi yake tambaya ko ba fata ba ce. Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai. Na san shi. Zai yi shiru a yanka, ya koma gida ya yi shiru, ya mutu da shirunsa. Liman ya ɗora reza a kan ganyen tsakiya.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge abin daga tabarma na naɗe a hannu.

Liman ya ce, "Mahfuz, mene ne haka? A gaban mutane?"

Na ce, "Kayan bawana nawa ne. Wa ya ba ka izinin yanka dukiyata? Kai ma in ka manta bawana ne, rawani bai 'yanta ka ba. Ina ce kai ne ka yi kuka a kan jaki ranar da muka je ƙauye, sai da uwata ta goya ka?"

Dattawa suka ƙyalƙyale, wani har da tari. Ai ɗan goggo ko a gaban alƙali ya faɗi irin wannan ba a riƙe shi. Na juya kan mai gajeren wando zan ba shi nasa rabon, duk da shi ba abokin wasana ba ne, sai na ji an taɓa ni.

"Mahfuz, ba ni."

Abdulbaƙi ne. Tun da aka haife mu bai taɓa kirana da sunana ba. Na miƙa masa.

Ya ce, "Yaya, mayar da rezarka. In dai sai an gani, ni zan buɗe."

Ya aika cikin gida aka kawo basillarsa da wuƙarsa. Ya wanke hannu, a gaban kowa, har gwiwar hannu, na ga Murja ta zunguri ta kusa da ita. Ya zauna ya fara zare ɗinkin, rami bayan rami, ba ya tsinka zaren. Da zaren ya fita duka, fatun ba su rabu ba, don gefen nan ya riƙe su. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kafa bakin wuƙa a tsakiyar sheƙin nan ya ja. Ƙarar ba ta fi ta yaga takarda ba, amma ni har cikin haƙorina na ji ta. Kakin ya dinga zuba kamar ɓawon gyaɗa. Ya bi gefe ɗaya har ƙarshe, ya bi ɗayan, ya ɓare su, ya shimfiɗa biyu a tabarma, cikinsu yana kallon sama.

Busasshen gam. Shi ke nan abin da yake ciki.

Kuna tsammani wani ya ji kunya? Murja ta ce daga bakin ƙofa, "Ai ya riga ya cire." Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Wanda ba a gani da ido ai shi ya fi ƙarfi." Mai gajeren wando ya ce to alhamdu lillahi, ya sa takalmi ya fita, ko a yi haƙuri babu. Haggai ne kaɗai ya tsuguna, ya shinshina, ya ɗaga a haske, ya ce, "Baba, ashe da gaske kake." Ya kwance akuyarsa. Shi aƙalla ya yi sallama.

Liman ya ɗauki ɓarin fuskar zai miƙa wa ƙanensa, sai babban yatsansa ya sauka a kan zanen. Ya tsaya. Ya bi ganye ɗaya da yatsa, ya bi na gaba. Wannan mutum tun yana yaro yake buɗe Alƙur'anin nan, ya san zayyanar ubansa kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya gane, wallahi ya gane. Na ce a raina, to faɗi mana, kalma ɗaya ce.

Ya ce, "Sai ka ɗinke kafin a ga wata."

Da ba don a zauren kawuna muke ba, da ranar an ji abin da ba a taɓa ji ba tsakanin ɗan goggo da ɗan kawu.

Ya ɗinke. Amma gefen da aka tsaga ba ya komawa sai an rage shi, don haka ya yanke kaɗan ta kowane ɓangare, maratayin ya sirance, bakin wasu ganyayen ya tafi. Ya sake kaki, ya sake murza, amma lokaci ya ƙure. In ka duba yanzu za ka ga layi siriri a tsakiyar gefen daga farko har ƙarshe. Ga kuma karcen ƙaho a ganye ɗaya.

Ranar farko ta azumi Liman ya rataya gafakar ya fito. Ta zauna masa a kafaɗa lif, don wani ya riga ya ci taurin a madadinsa. Unguwa ta fito kallo fiye da kowace shekara. Ba zanen suke kallo ba. Jira suke ko wata saniya za ta ɓullo daga lungu a gwada.

Abdulbaƙi yana nan yana aikinsa, amma ya bar zaure ya koma ƙuryar ɗaki inda haske bai isa ba, ya sayi tabarau. Kuma tun daga ranar bai ƙara haɗa fata biyu ba. Duk abin da zai yi ɓari ɗaya ne, gaba da baya a fili, babu cikin da wani zai tambaya. Wannan gefen da na ga haƙorana a ciki, garin nan ba zai ƙara ganin irinsa ba, kuma su suka jawo.

Da muka fito daga masallaci a ranar farkon azumin nan, ya tsaya kusa da ni yana kallon bayan yayansa, ya ce a hankali, "Ya ka gani?"

Na ce, "Bawa, wannan ko akuyar Haggai ba zan ɗaure da shi ba."

Ya yi dariya, ta farko tun ranar kara. Ya san abin da nake nufi. Duk garin nan mutum ɗaya ne al'ada ta hana ya yabe shi, sauran kuwa babu abin da ya riƙe musu baki.